Ranar da Ɗorawa Ta Rataye Ubale

A Ƙafin Maiyaƙi, in aka ambaci Ubale, abin da ke fara faɗo wa tsofaffi a rai shi ne ranar da ɗorawarsa ta rataye shi. Da hantsi ne, ƙarshen bazara, cikin shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da ɗoriya, lokacin da ɗakin shan magani na garin yake sabo fil. Masu jiran magani sun cika benci da tabarmi a gindin bishiyar, sai suka ji ƙarar reshe a sama. Kafin su ɗaga kai, gatari ya faɗo ya kafe a ƙasa daf da ƙafar wata tsohuwa mai suna Baturiya. Hula ta biyo bayansa. Aka dare ana jiran mai hular ya iso, bai iso ba. Wani guntun reshe ya soki bayan taguwarsa ya riƙe, taguwar kuwa ta saƙi ce, irin wadda ake mutuwa a bar wa magada.

Ga Ubale nan tsakanin sama da ƙasa yana reto kamar ragaya. Iska na juya shi sannu a hankali. In fuskarsa ta juyo wajen jama'a ya zagi masu dariya, in ta koma wajen ginin ya zagi ginin da wanda ke cikinsa.

Abin da ya kai shi sama yana da asali. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, gonar bakin gari ta faɗa hannun wansa Adamu, ɗorawar da ke tsakiyar gonar kuma ta faɗa hannun Ubale. A ƙasar nan wannan ba abin mamaki ba ne, ƙasa ta zama ta wani, bishiyar da ke tsaye a kanta ta wani. Ɗorawa kuwa ba ƙaramin gado ba ce. Garinta na yara, kalwarta matarsa Yalwa ke dafawa ta yi daddawar da ake nema har garin Ƙofa, makubarta a yi daɓe. Shekaru suna tafiya lafiya, sai Adamu ya tashi komawa Kano aikin ɗinkin buhunan gyaɗa, daidai lokacin da ake neman fili don gina ɗakin shan magani. Ya ba da gonar, ya hau mota. Aka yi gini ciki biyu da rufin kwano, aka kewaye da darni, ɗorawa ta tsinci kanta a cikin asibiti.

Babu wanda ya yi musun cewa bishiyar ta Ubale ce, kuma wannan shi ya fi ƙona masa rai, don ya shirya rigima bai sami abokin yi ba. Aka ce 'ya'yan nasa ne, ya zo ya kaɗe abinsa duk lokacin da ya so. Ya ce to, inuwar fa? Har wurin malamin unguwarsu ya je ya tambaya ko inuwa tana cikin gado. Malam ya shafa gemu ya ce shi dai a iya karatunsa bai ci karo da babin inuwa ba. Ubale ya fito yana cewa karatun ne bai yi nisa ba.

Gajere ne, kakkaura, ya ba hamsin baya, manomi na gaske. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai kuma taɓa barin wanda ya taka nasa ya sha ruwa da daɗi ba. Duk fushin nan sai ya tattara shi ya ɗora a kan mutum guda, Malam Abdussalami, malamin asibitin. Wannan dogo ne siriri, Bazazzagi, mai sanyin magana, da kakinsa da kekensa. Zama Bazazzagi kaɗai ya isa laifi a wurin Bakano, amma wancan wasa ne da aka gada. Na Ubale ba wasa ba ne. Bai taɓa kiransa da sunansa ba. Ɓarawon inuwa yake ce masa.

Kullum da safe sai ya zo ya shimfiɗa buzu a jikin kututture, ya zauna gadi. Daga nan yake yi wa marasa lafiya nasiha. Ya ce allurar nan tsinka jini take yi, wanda ya sha farar ƙwayar nan ba ya ƙara jin ɗanɗanon tuwo, ruwan wankin gyambon nan kuma ja-ja ruwan yakuwa ne kawai aka zuba a kwalba don a ruɗi ƙauyawa. Su ce to, Baba, Allah ya saka, su tashi su shiga.

In sun fito kuma, a gabansa suke zama su ba da labari. Wani ya ce sai da malamin ya ɗumama ruwa kafin ya taɓa masa miki. Wata ta ce ya tsuguna ne ya yi magana da ɗanta, har yaron ya manta da kuka. Matan Fulani da ke zuwa daga wajen Falgore suka ce ya san ba sa faɗin sunan ɗan fari, bai taɓa matsa musu ba, sai ya tambayi wadda ta rako su. Baturiya, wadda ciwon gwiwa ya mayar 'yar gida, ta ce ita ko bai ba ta komai ba, yadda yake sauraronta har ta gama ya ishe ta. Ubale ya ce duk dabarar ɓarayi ce, wanda zai ɗauke maka abu ai sai ya fara iya gaisuwa.

Ita Baturiyar ce ta jawo hawan bishiyar. Rannan ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, a kunnen Ubale, kai, inuwar asibitin nan da daɗi take. Inuwar asibiti! Washegari Ubale ya riga kowa zuwa, ya hau da gatari don ya sare reshen da ya rufe bencin, kowa ya sha rana. Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa akwai kurkunu a idon sawunsa na dama. Tsutsar nan da ke fitowa kamar farin zare ba baƙuwa ba ce a garin da ake shan ruwan kududdufi. Kowa ya san ƙa'idarta: a naɗe abin da ya fito a tsinke, kullum a ƙara kaɗan, kada a ja, don in ta tsinke a ciki ƙafa ta shiga uku. Ubale ya naɗe tasa ya ɗaure da tsumma. Ƙafar ce ta goce masa a kan reshe.

Malam Abdussalami ne ya fito ya jawo tebur, ya hau, ya rungumo ƙugun Ubale ya ɗaga shi ya zare taguwar. Ladan da ya samu shi ne shuri a haƙarƙari. Da suka sauko idonsa ya kai kan tsumman, ya ga tsinken ya karye, zaren ya tsinke. Ya rage murya yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Baba, kurkunun nan ya tsinke. Ka bari in wanke maka yanzu, kafin ya yi fushi."

Ubale ya ce gara a guntule ƙafar a jefa wa kuraye. Ya ɗauki hularsa da gatarinsa ya tafi yana ɗingishi, bai waiwaya ba.

Saura kaɗan addu'arsa ta karɓu. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi kamar tulun da aka shafa wa mai. Wanzami ya zo ya yi sakiya, aka ɗaura ganye, aka sha jiƙe-jiƙe, abin sai gaba yake yi. Zazzaɓi ya rufe shi. Ruwan shuka ya sauka, gari ya watse gona, Ubale na kwance a zaure yana jin ƙamshin ƙasa yana cizon yatsa. Yalwa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ya ce mata in ta ƙara ambaton asibiti ta haɗa kayanta.

Sai ga Buba, abokinsa Bafillace daga wajen Falgore, wanda shanunsa ke kwana a gonar Ubale kowane rani su bar masa taki. Shi kaɗai ne mutumin da ke gaya wa Ubale magana ya kwana lafiya. Ya ɗaga tsumman ya duba. Ya ce, "Kaɗo, na ga irin wannan ƙafar sau da yawa. Wasu a birni aka yanke, wasu suna nan suna jan ta a ƙasa. Ban ga wanda ya koma riƙe garma ba." Ubale ya juya fuska bango ya ce ya ji.

Yalwa ce ta samo hanyar. Ta shigo da yamma tana tafa hannu, ta ce ita dai ba ruwanta, amma ɗorawa ta nuna, 'ya'yan masu jiran magani sun sa ta gaba da jifa, bana ko kalwar miya ba za a samu ba. Gaskiyar magana, ba a taɓa ko silli ɗaya ba, don malamin asibiti ya hana. Amma Ubale ya yunƙura ya zauna, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya ce a kai shi. Ba asibiti ba, a kai shi gindin bishiyarsa. Da safe Buba ya kawo takarkari, aka ɗora shi kamar buhun dawa, aka bi ta tsakiyar gari yana zagin duk wanda ya ce masa sannu.

Suka tarar da gindin ɗorawa fayau. An kwashe benci da tabarmi an mayar jikin bango, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kara da aka kafa. Aka shimfiɗa masa buzunsa, ya jingina da kututture, ya rasa wanda zai kora.

Can sai ga Malam Abdussalami ya fito da daro a hannu da tawul a kafaɗa. Ya zo daidai inda inuwar ta fara, ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a rana, kamar mai shirin shiga zauren mutane. Ya yi sallama.

Ubale ya yi kamar bai ji ba. Malamin ya sake. Ya sake. Jama'a na bakin rumfa suna kallo, kuma duk abin da za a ce game da Ubale, ba a taɓa cewa ba Musulmi ba ne. Ya amsa ta tsakanin haƙora.

Malamin ya shigo ya tsuguna, ya gaishe shi gaisuwar ɗa da uba, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Sa'an nan ya ce, "Baba, inuwar nan taka ce, ban taɓa shakka ba. Kuskurena ne da ban nemi izini ba tun farko. Ba na ce ka shiga wurina ba. Ni ne na zo wurinka, in ka yarda in zauna."

Ubale ya dube shi sama da ƙasa yana neman inda tarkon yake. Mutum ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gabanka cikin abinka, ta ina za ka fara korarsa? Ya ce shi ubansa bai koya masa korar baƙo ba, amma kada baƙon ya ɗauka za a fasa gaya masa gaskiya. Malamin ya ce ya yarda. Ya jawo daron.

Ruwan yakuwar nan da Ubale ya daɗe yana yi wa ba'a, shi aka ɗumama aka wanke ƙafar da shi, a hankali, ana matse mugunya. Da aka zo batun allura, malamin ya sa aka kewaye gindin bishiyar da zana, ya gaya wa jama'a iska ce ke damun Baba. Abin da ya faru a bayan zanar nan babu wanda ya gani, Ubale kuma har ya mutu bai amsa cewa an yi ba. An dai ji wata ƙara, an kuma ji an ambaci Zazzau da abin da ba shi da daɗin maimaitawa.

Kumburi ya fara saɓewa, zazzaɓi ya sauka. Ana murna, sai wani ƙurji ya taso a gefen gwiwa, ya fashe, ga kan wani kurkunun. Malamin ya daɗe yana dubawa. Ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: wannan a bakin gaɓa yake, in ya tsinke kamar na farko gwiwar za ta sage, ba kuma abin da allura za ta iya. Sai an fitar da shi ɗungum, kuma ba wanda zai taɓa tsinken sai shi.

Nan aka sami matsala. Mai murɗa tsinke yana bukatar ya san lokacin da tsutsar ta turje, alamar kuwa ita ce zafi. Ubale kuma ya gwammace ya mutu da ya ce wa ɓarawon inuwa yana jin zafi. In an tambaye shi sai ya ce ko cizon sauro bai kai ba, alhali gumi na ɗiga daga gemunsa. Ranar farko saura ƙiris a yi ɓarna. Amma malamin mutum ne mai kunne. Ya lura cewa tun da ya zauna Ubale ke zaginsa ba numfashi, sai a wuri guda zagin ya yanke a tsakiyar kalma, daidai lokacin da zaren ya ɗaure.

Washegari da ya tsuguna ya ce, "Baba, ga yadda za mu yi. Ka ci gaba da faɗin abin da ke ranka. Muddin ina jin muryarka ina murɗawa. Da ka yi shiru zan tsaya."

Ubale ya ga an saka shi a tsaka mai wuya. In ya yi zagi, ya taimaki abokin gaba. In ya yi shiru, ya amsa yana jin zafi. Ya zaɓi ya kame bakinsa gaba ɗaya, ya ga ƙarshen dabara. Malamin ya ajiye tsinken. Ya rufe mikin, ya je ya sallami masu jira, ya dawo ya yi sallama ya tsuguna, ya riƙe tsinke yana jira. Ya sake tashi, ya sake dawowa. Rana ta take tsaka. Ubale ya cika ya yi fam, kumatunsa har rawa suke. Mutumin da tun yaye bai taɓa haɗiye magana ba, ina zai iya? Sai ta fashe. Ya fara daga wuyan malamin, wanda ya ce na zalɓe ne, ya gangaro kan wandonsa na Nasara. Tsinke ya fara juyawa.

Haka aka yi ta yi, safiya bayan safiya, har dawa ta kai gwiwa a gonakin mutane. Labari ya bazu, har masu lafiya suka riƙa biyowa ta bakin darni su saurara. An zagi hancin malamin, an zagi kekensa da ƙararrawar keken, an zagi Zazzau unguwa-unguwa, da wanda ya koya masa aiki, da wanda ya ɗinka masa hula. Shi kuwa kansa na sunkuye, yatsunsa a kan tsinke, yana saurare kamar mai ɗaukar karatu. Da murya ta sarƙe sai ya tsaya cak, ya zuba ruwan ɗumi, ya shafa gefen gwiwar da tafin hannu har tsutsar ta saki. Wata rana zagi ya ƙare wa Ubale ƙaf, ya rasa na faɗa, Buba ya matso ya ara masa na Fillanci. Malamin ya ce a yi haƙuri a koma Hausa, don a baƙon harshe ba ya gane inda Baba ya yi tuntuɓe.

Ranar ƙarshe da hadari ta zo. Tsinken ya yi kauri da farin zare, abin da ya rage a ciki kaɗan ne, kuma nan ne ya fi saurin tsinkewa. Ana cikin aiki ruwa ya goce. Jama'a suka ruga rumfa. Ba dama a saki tsinke a wannan gaɓar, ba dama a ɗaga mara lafiya. Malamin ya cire malafar da Buba ya kifa masa, ya kifa ta a kan gwiwar, ya duƙa ya kare sauran da bayansa.

Ubale na tsakiyar bayani a kan kunnuwan Zagezagi, sai ya yi shiru. Tsinke ya tsaya. Malamin ya shafa, ya jira. Shirun ya yi tsawo fiye da kullum. Buba, wanda ke tsaye a jikin kututture, ya rantse daga baya cewa ba zafi ne ya tsayar da Ubale ba. Ya ce kallon ƙeyar malamin yake, ruwa na bin ta yana shiga wuyan kaki, mutumin na rawar sanyi amma hannunsa ko motsi. Ya ce ya ga leɓen Ubale ya haɗu kamar mai shirin cewa sannu.

Malamin bai ɗago ba ya ce, "Baba, da zafi ne?"

Ubale ya yi gyaran murya. "Cewa na yi, ƙeyar nan taka kamar ƙwaryar da aka yar a juji."

"Madalla," in ji malamin. Ya murɗa. Wutsiyar ta zamo ta fito, cikakkiya, ba ta bar komai a ciki ba.

Ubale ya riski noman bana a maimai, da ƙafafunsa biyu, a gonar da Buba da ƙannen Yalwa suka shuka masa. Ya bi kunya-kunya yana cewa shukar ta karkace. Reshen nan bai sake hawa saransa ba. Benci ya koma gindin ɗorawa, amma aro, kuma kowace safiya sai ya tuna wa masu zama cewa aro ne. Ginin kuwa har ya koma ga Allah bai taka cikinsa ba. In Yalwa ta aika wa matar malamin daddawa, sai ya ce wadda ta lalace ce. In aka kawo mai kurkunu yana cije baki don jarumtaka, Ubale kan matso da buzunsa ya ce masa, kai, buɗe baki ka zage shi, haka ake yi.

Da aka yi wa Malam Abdussalami canji zuwa wajen Doguwa, gari ya fita rakiya, Ubale ya ce yana da aiki a gona. Yalwa ta ce ranar bai ci tuwo ba, shi ya ce miyar ce ba gishiri. Wanda aka kawo a madadinsa mutumin kirki ne shi ma, amma Ubale bai taɓa zaginsa ko sau ɗaya ba. Da aka tambaye shi dalili ya ce bai kai ba.

Bayan shekaru, ranar wata kasuwa, suna zaune a rumfar mai goro, Buba ya ga jama'a sun taru sai ya taso da tsohon zance. Ya ce, "Kaɗo, ka hau ka sare inuwa, bishiya ta rataye ka kamar ragaya. Wanda ka shura shi ya sauke ka, wanda ka zaga shi ya ba ka ƙafa. Kai ko kunya?"

Ubale ya gama tauna goronsa, ya miƙe ƙafar dama ya lanƙwasa ta, ya sake miƙewa don kowa ya gani.

"Rataya dai a bishiyata na rataya, ba a ta uban wani ba. Ƙafa kuwa ni na warkar da abata, shi tsinke kawai ya riƙe. Ka san wahalar da na sha ina nemo masa sabon zagi kowace safiya? Har ya bar garin nan, ko na gode bai ce mini ba."